Karsanar Hamma

Shekara goma ke nan da rasuwar Baba. Allah ya karɓi abinsa a daminar da aka sauke tutar Faransa a Yamai, ga shi bana an gama gadar kogi, mota tana ratsawa zuwa Lamorde, inda dā sai da kwalekwale muke zuwa gonarmu.

Baba ya raba gonar kashi huɗu. Kowane rani shanu suna kwana a kashi ɗaya su zuba taki, ɗaya kuma a bar shi saura ya huta. Ba a sa wa gawo gatari. Duk ya rubuta da ajami, kashin da zai huta bana da na baɗi, ya ajiye a gafakarsa. Yakan ce ƙasa aro ce, da kunya ka mayar da ita a rame.

Cikin garken akwai wata jar karsana da ba tamu ba. Amininsa Hamma, Bafillacen Lamorde, shi ya ba shi ita habbanaye: ka riƙe ta har ta haifa maka uku, 'ya'yan naka, uwar ka mayar wa mai ita. Ta haifi biyu Baba ya rasu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yayana Isufu, wanda ya yi karatun boko a lakkol yana aikin biro, wato ofis, shi ya karɓi riƙon gida. Na kai masa takardar Baba, ya juya ta ya ce shi ba ya karanta rubutun tsofaffi. Da aka fara maganar gada, ya sa aka sare gawon, aka yanka gonar parsel-parsel, filayen gini na sayarwa. Ya aike ni Maradi gaisuwar mutuwa, na dawo na tarar ya sayar da shanun, kamyo, babbar motar kaya, ya kwashe su. Har da jar Hamma.

Da Baba zai leƙo yau, ban san me zai fi ƙona masa rai ba: bulo a makwancin shanunsa, ko ɗansa da ya sayar da amanar wani. Hamma bai taɓa yi mana maganarta ba. In mun haɗu a kasuwa sai ya tambayi lafiyar iyali, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.

Shekara uku ina kiwon wata 'yar maraƙa da na saya a bayan gida, da dusa da harawa. Ranar Juma'ar da ta wuce na ja ta na haye gadar da ƙafa. Hamma ya tsufa, idonsa ya dushe. Ya shafa ta tun daga ƙaho har wutsiya, ya daɗe.

"Wannan ba tawa ba ce, ɗana."

"Na sani, Baffa. Alkawarin Baba ne."

Ya karɓi igiyar ya ɗaure a turke, ya ɗaga hannu muka yi wa Baba fatiha. Gonar ta tafi, ni da Isufu sai gaisuwar salla. Takardar tana nan a gafakata, bana kashi na uku ne ya kamata ya huta.