Abin da Ban Faɗa Ba a Jana'izar Kofur Shitu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, da hantsi, aka aiko mini Rurum cewa Kofur Shitu na Fammar ya rasu. Ni Munzali ban yi boko ba. Malam Muhyiddeen ke rubuta mini wannan, na kuma hana shi gyara ko kalma ɗaya.

Shitu, yaran yanzu mai ɗorin karaya suka san ka, wanda ake tasowa daga gona ya zo bai ko wanke hannu ba. Ni na san ka a yaƙin basasa, cikin sojojin ɗaukar masu rauni. Mu muna kwance a rami, kai kana rarrafe a fili da jakar bandeji, harsashi na tone ƙasa a gefenka. Wanda ya cika a hannunka, kai ke laƙƙana masa kalmar shahada.

Ranar da aka ritsa mu a bakin kogi, mu biyu ka tarar a kwance, ni da ƙanena Uzairu. Ni an harbe ni a cinya, shi a ciki. Ka duba shi, ka duba ni, sai ka goya ni. Ina dukan bayanka ina cewa, "Shi za ka ɗauka!" Ka ce, "Yi shiru, Munzali, baya ɗaya gare ni." Ka koma ka same shi ya cika.

Shekara hamsin da 'yan kai ban amsa sallamarka da daɗin rai ba. Duk Sallah sai ka tako har Rurum ka tambayi ƙafata. Ba ka taɓa kare kanka ba.

Da liman ya ce wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, jama'a suka amsa, ni na yi shiru. Tun ranar ba na jin daɗin abinci. Na gaji, Shitu. Na daɗe da sanin Uzairu ba zai tashi ba, ko wa ka fara ɗauka. Taurin kai ne kawai. Ba ka yi mini laifin komai ba. Ni ne mai neman yafiya, ga shi na makara.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sada ka da waɗanda ka ɗauko da waɗanda ba ka iya ɗaukowa ba. Hajiya Halima Sadiya, ke da 'ya'yanki Allah Ya ba ku haƙurin rashin maigida. In ya taɓa gaya miki ya yafe mini, don Allah ki aiko a sanar da ni.