Shekara Bakwai, Kundin Yana Nan da Sunan Ilyasu

Daminar bana ta cika shekara bakwai da muka kai Malam Ilyasu makwancinsa a maƙabartar ƙauyenmu, yamma da Tofa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Al'ada ce mai waiwaye ya jero kyawawan halayen mamaci, kuma Ilyasu yana da su. Amma na tsufa da ɓoye-ɓoye: har gobe ina kishin mutumin nan.

Shekara ashirin da shida muka yi a ofis ɗaya. Ni ne babban akawun rajista, shi kuwa mai buga tafireta a ƙarƙashina. Kakanninsa daga Barno suka zo, nawa Fulanin Shanono ne, saboda haka kullum da safe sai ya gaishe ni da "bawana", ni kuma in tambaye shi ko ya biya kuɗin zama a ƙasarmu. A hannuna ya koyi yadda ake sauya wa fayil suna: a ja layi ɗaya da jan biro a kan tsohon sunan, a rubuta sabon a ƙasa, a sa hannu. Ba a gogewa, ba a kankarewa, domin wanda zai zo baya ya san inda aka fito.

Da kwamfuta ta shigo, na ce ba zan koma ɗan firamare da furfura ba. Shi ya zauna ya koya. Bayan mun yi ritaya muka ɗauki aikin da na daɗe ina buri, wato tattara iyakokin gonakin ƙauyukanmu: wace kuka ce ta raba wane da wane, ina burtali ya bi, wane gawo ne shaida. A ƙasar da gona ke manne da gona, taku biyu ya isa ya raba zumunci. Ilimin a kaina yake da tsofaffin littattafaina. Ni ke faɗa, shi ke bugawa, yana ɗaukar hoton kowace bishiya. Duk ya zuba su a folda ɗaya, wato jakar da na'ura ke tara takardu a ciki, ya sa mata suna Kundin Ilyasu. Ya ce don kada ta cakuɗe da kayan iyalinsa ne kawai. Kafin a jima, daga dagaci har masu unguwanni, kowa "kundin Malam Ilyasu" yake cewa. Suna linzami ne. Na haɗiye, amma bai wuce maƙogwaro ba.

Shekara guda bayan rasuwarsa na kira 'yarsa Falmata, malamar makaranta ce a Rijiyar Zaki, ita ta gaji kwamfutar, kuma ita ke kawo ta duk ranar da rigimar gona ta taso. Na ce ta mayar da sunan kundin nawa. Ta sunkuyar da kai ta yi mini bayani cikin ladabi, cewa sauya suna ba ya taɓa ko harafi ɗaya na abin da ke ciki, na'ura laƙabin kawai take musanyawa, kuma ba ta ajiye tsohon. Matsalar, in ji ta, mahaifinta ya tsara wani jeri na sunayen gonaki, kowane layi yana riƙe da adireshin takardarsa da hotonsa, kuma kowane adireshi da sunan foldar ya fara.

Na ce mata tun ba a haife ta ba nake sauya wa fayil suna, kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A zuciyata na ɗauka tsohon sunan zai zauna a saman nawa da jan layi, kamar yadda na saba. Ta gwada, na'urar ta ƙi, wai akwai takardar da ke buɗe a ciki, sai an rufe ta. Na ce ashe har ƙarfen nasa ya koya wa taurin kan Barebari. Ta yi dariya, ta rufe takardar, ta buga Kundin Alhaji Umaru. Ban yi ƙiftawar ido biyu ba sunan Ilyasu ya ɓace, babu layi, babu sa hannu. Na ji daɗi, ba zan musa ba.

Ana gab da shuka dagaci ya turo mini 'yan wa da ƙani biyu, sun kusa ba hammata iska a kan wani gawo da aka sare, kowa na cewa kututturen a gonarsa yake. Suka zauna a zaurena, Falmata ta buɗe jerin, ta danna sunan gonar. Na'ura ta ce ba ta ga hanya ba. Ta danna na gaba, haka. Dukkan layukan suna neman takardunsu a gidan Ilyasu, ni kuwa na cire allon ƙofar. Babban cikinsu ya gyara zama ya ce, "Alhaji, da Malam Ilyasu na raye da tuni mun tashi."

Ban taɓa jin magana ta soke ni kamar wannan ba. Falmata ta ce za ta iya lalube takardun ɗaya bayan ɗaya, sai dai hotunan lamba ce kawai a kansu, za a kai la'asar. Ta shiga cikin foldar, ni kuma a karon farko na sa tabarau na matso, domin duk shekarun nan girman kai bai bar ni na dubi gilashin ba. Takardu ne jere, ɗaruruwa, kuma sunan kowace da kalmomi iri ɗaya ya fara: Daga bakin Alhaji Umaru. Bai taɓa gaya mini ba.

Na ce, "Falmata, mayar masa da sunansa."

"Baba, kamar yadda yake dā?"

"Harafi da harafi."

Ta mayar, ta danna, hoton gawon ya fito da inuwarsa, kunyar gonar ƙaramin cikinsu tana bayansa. Suka yi musafaha, suka fita suna sa wa Malam Ilyasu albarka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan, da kowa ke yawo da rajista a aljihu, ana tura takardar gona ta waya, wannan ya sa mata "sabo", wancan ya mayar da ita "sabo na ƙarshe", ba wanda ya san wacce ce uwa. Ina jin zai yi murmushin nan nasa, ya ce na'ura ba ta da laifi, abin da aka gaya mata take yi. Ni kuwa ina nan a kan bakana: tsarin da ke shafe sunan mutum ba tare da barin tabo ba, bai kai jan birona mutunci ba. A nan kaɗai na fi shi gaskiya, kuma ba ya nan balle ya amsa.

An ce hassada ga mai rabo taki ce, ni na yi wa Ilyasu takin da hannuna. Ya riga ni koyon na'ura, ya riga ni shiga bakin mutane, sannan ya riga ni karamci, wanda shi ne ya fi ci mini rai, domin ba a rama wa mamaci. Sunana yana ciki sau ɗaruruwa inda ba mai gani, nasa yana waje sau ɗaya inda kowa ke kira, kuma in aka cire nasa, ba a iske nawa. Na bar wasiyya kada kowa ya ƙara taɓa shi. Allah Ya haskaka kabarinka, Babarbare. Bawan naka yana nan yana tsare maka ƙofa.