Zanen da Na Goge

Kwantenata, wadda na mayar shago, tana bakin hanyar da ta gangara daga kasuwar Nima a Accra zuwa babbar gota, magudanar ruwan unguwa, tsakanin mai gyaran waya da wata mata mai sayar da koko da ƙosai. A nan nake yin katin aure da na suna, da banar Maulidi, da fostar mamaci wadda ake ratayewa a jikin kanofi, rumfar taro, ranar adu'a. Ban yi makarantar wannan aiki ba. Bokona bai wuce ƙaramar sakandare ba, daga nan na zama yaron trotro, motar haya, har gwiwata ta ƙi hawa da sauka. Abin da ya zaunar da ni a kan kujera wata manhajar zane ce da ake buɗewa a intanet, ba a biyan komai. A wani shagon intanet a New Town aka nuna mini ita. Tsohuwar kwamfutar da na samo a kasuwar Tudu ba ta iya ɗaukar manyan manhajojin da masu shagon gaske ke aiki da su, amma wannan tana buɗuwa lafiya lau. Komai a shirye yake a cikinta, furanni, hoton masallaci, rubutu iri-iri har da na Larabci. Nawa kawai in ɗora hoton mutum, in ja shi nan, in ja shi can.

Unguwa ta fara kirana mai kwamfuta, wasu ma har da injiniya. Ban taɓa gyara wa kowa ba.

Kwamfutar ba ta da wurin ajiya sosai, saboda haka duk hoton da na ɗora a manhajar sai in goge shi daga cikinta da kuma wayata. Manhajar ita ke riƙe da komai a can wurin masu ita. Nakan ce wa mutane ajiyarsu tana sama, inda wuta ba ta ci, ɓarawo ba ya kai hannu. Na yi ta faɗa har ni ma na yarda.

Akwai wani dattijo Bagobiri daga ƙasar Maraɗi da ke sayar da albasa a kasuwa tun kafin a haife ni. Baba muke ce masa duka. Matarsa tana dama fura a Maamobi, maƙwabciyar unguwarmu, kuma babu yaron unguwarmu da bai sha furarta ba. Da ta rasu, 'yarsu, wadda a nan Accra aka haife ta kuma tana koyarwa a wata Islamiyya, ta zo da shi kwantenata kafin sadakar arba'in. Ita ce ke son fosta. Ta ce ba za a yi wa uwarta adu'a da kanofi tsirara ba, alhali kowa ana rataye masa hoto. Baba bai so ba, amma ya bi ta.

Daga aljihun 'yar cikinsa ya fito da hoton, a naɗe cikin ƙyalle. Baƙi da fari ne, an ɗauke su a wani shagon mai hoto shekarar da suka sauka Accra. Tana zaune a kan kujera, shi yana tsaye, hannunsa a kan majinginar kujerar. Babu wani hotonta sai shi. Tun da ta fara zuwa karatun mata ta daina yarda a ɗauke ta, ko a wurin biki aka ɗaga waya sai ta ja mayafi. A fuskarta akwai zanen Gobirawa, sirara, sun taso daga gefen baki sun bazu zuwa kunne.

Na ɗauki hoton na ɗora. Na yanke Baba da kujerar, na sa mata koriyar ƙubbar Madina a baya. To manhajar tana da wani maballi na gyaran fuska, wanda amare ke so. Na danna, zanen ya dushe. Na ƙara dannawa, ya ɓace. Na haska fatar kaɗan, na sa wa mayafin launi. Babu wanda ya sa ni. Hannuna ne ya saba, kuma a Nima fosta kamar gasa ce, mutane na tsayawa su tambayi wanda ya yi.

Da suka dawo dubawa, 'yar ta yi murna har da hawaye. Ta gaya mini tun tana ƙarama yara ke tsokanarta a makaranta wai uwarta ta yi faɗa da kyanwa, yau ga ta kamar Hajiyar da ta sauko daga jirgi. Baba ya daɗe yana kallon allon kwamfutar.

"Ɗana, wannan matar wa ce?"

'Yar ta yi dariya, ta ce ai zamani ne. Ni ma na yi dariya. Ranar adu'a matan unguwa suka yi ta yabon fostar. Tsofaffin ƙawayen marigayiyar kuwa, waɗanda suka zo daga ƙasa ɗaya da ita, na ga sun ɗaga kai sun duba, sun wuce sun zauna.

Bayan nan Baba ya nemi hotonsa. Na jefa shi cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur tare da tarkacen takardu, kuma duk lokacin da ya zo ina da mutane, sai in ce gobe. Ana cikin goben nan damina ta sauka. Aka yi ruwan da ya cika gota ta tumbatsa, da safe na tarar da kwantenata da laka har idon sawu. Kwamfutar tana kan tebur, ta tsira. Kwalin ya zama kunu. Na samo hoton manne da bayan wani katin aure, da na ɓamɓare shi sai fuskarta ta bi katin, ta zama ɓurɓushi.

Da na gaya wa Baba, ban bar shi ya buɗe baki ba. Na zaunar da shi, na buɗe manhajar, na fito da hoton na asali kamar yadda na ɗora shi kafin in taɓa komai. Na ƙara girmansa har fuskarta ta cika allon. Ga zanen nan ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa ganinta da girma haka ba tun da aka binne ta. Ya miƙa yatsa kamar zai taɓa, ya fasa. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina bayani, wai takarda ai mai lalacewa ce, wannan kuma har jikokin jikokinsa za su gani.

Daga ranar, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya biyo. In buɗe masa, ya zauna ya duba, ya yi mata addu'a a hankali, ya tashi. Wani lokaci ya zo mini da albasa a leda. Mai koko takan leƙo ta ce, "Baba, an zo zance ke nan?" Shi kuma ya ce mata ta kula da ƙosanta kada ya ƙone, budurwarsa ba ta son hayaƙi.

Ya taɓa roƙona in buga masa shi a takarda ya tafi da shi gida. Na ce tawadar firinta ta yi ƙasa, hoton ba zai fito da kyau ba, ya bari sai na sayo sabuwa. Tawadar ta yi ƙasa, wannan gaskiya ne. Amma na sayo sabuwa bayan haka sau da yawa, ban buga ba. Abin da na fi jin kunyar rubutawa shi ne dalilin. Ina son zuwansa. Ina son mutanen da ke wucewa su ga dattijo kamar Baba zaune gaban kwamfutata, su ce ai mai kwamfuta ne ke riƙe masa da matarsa. In na buga masa, ba zai ƙara zuwa ba.

Sai wata rana wani dogon rubutun Turanci ya fara fitowa a saman shafin duk lokacin da na buɗe manhajar. Daga baya na ce wa 'yar Baba ban gane abin da ya ce ba, kuma ta yarda, don ta san bokona. Ƙarya na yi mata. Ban gane kowace kalma ba, amma na gane za su rufe, na ga ranar da suka sa, na kuma ga wurin da aka ce a danna a sauke kaya. Lokacin bayan babbar Sallah ne, aure ta ko'ina, kati a kan kati. Na ce in na sami sarari zan zauna in sauke duka. Can cikin raina kuma ban yarda abu mai girma haka zai rufe ba. Mutane nawa ke aiki da shi a duniya? Na ɗauka barazana ce don a sa mu biya. Kullum sai in danna in kawar da rubutun kamar yadda nake kawar da talla.

Wata safiya na buɗe, babu furanni, babu masallaci, babu aikina. Farin shafi ne da 'yan layuka na godiya da ban haƙuri.

Katunan mutane da suka tafi ba su dame ni ba, an riga an buga an raba. Juma'a nake tsoro. Da ta zo, na hango Baba yana gangarowa da carbinsa, sai na zare wayar kwamfutar daga bango, na ce an ɗauke wuta. Rediyon mai gyaran waya yana ta waƙa a gefenmu. Baba ya dubi wajen rediyon, ya dube ni, ya ce Allah ya kawo ta. Juma'ar da ta biyo na ce intanet ne ba ya tafiya. Ta bayanta na rufe kwantena na yi sallah a wani masallaci a New Town. A tsakanin nan na sa an rubuta mini saƙo zuwa ga masu manhajar. Amsa ta zo cikin ladabi, cewa sun ba da lokaci mai tsawo, lokacin ya wuce, an share komai. Ba su yi mini laifi ba. Kyauta suka ba ni na ci abinci da ita shekaru, da za su tafi kuma sun yi sallama.

A kasuwa na sami Baba, yana zaune yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Na tsuguna na gaya masa duka, har da maganar tawada, har da wayar da na zare. Bai daina aikinsa ba. Na gama, ya ci gaba da warewa har na ji da ma ya zage ni. Can ya tambaye ni ko abin da ya goge zanen zai iya mayar da shi.

Fostar adu'a tana wurin 'yarsa, ta adana ta. Ita kaɗai ta rage. Na samo wata manhajar, ita ma kyauta, amma wadda ake saukewa ta zauna cikin kwamfutar mutum, ko da intanet ko babu. Ta fi waccan wuya nesa ba kusa ba, ba ta da komai a shirye, sai da na sha wahala kafin hannuna ya iya jan layi madaidaici. Na aro fostar, na ɗauki hotonta, na cire ƙubbar, na mayar da fatar duhu gwargwadon abin da na tuna. Sannan na kira Baba.

Ya zauna kusa da ni, yana nuna wuri da yatsa ina ja. Da na rasa yadda layin ke lanƙwasa sai na saci kallon kumatunsa, tun da shi ma yana da zanen. Ya kama ni. Ya ce in bar kallonsa, nata sun fi nasa sirantaka, wanzamin garinsu hannunsa bai da nauyi. Na rage kauri. Ya ce a ɗaga wannan sama kaɗan, na ɗaga. Ya ce a'a, a mayar. Muka yi ta yi har mai koko ta kwashe kayanta.

Sai ya ce akwai layi ɗaya da ya tsinke a tsakiya, don ta motsa lokacin da ake yi mata tana jaririya, kuma takan ce tun ranar ba ta yarda a riƙe ta ba. Na tambaye shi a wane kunci. Ya ɗaga yatsa zuwa dama. Ya tsaya. Ya kai shi hagu. Na tsinke layin a dama, ya duba. Na mayar, na tsinke a hagu, ya duba. Ya rufe ido ya daɗe, leɓensa na motsi. Da ya buɗe bai kalli allon ba.

"Goge shi, ɗana."

Na ce mu huta, mu sake gwadawa wata Juma'ar, ko mu kira ɗaya daga cikin ƙawayenta ta duba mana.

"A'a. Yanzun nan da na rufe ido, wannan na gani. Wadda ke cikin kaina ta fara kama da ita. Goge tun da sauran tawa."

Na goge a gabansa. Ya sa na nuna masa cewa ba ta saura a ko'ina cikin kwamfutar ba, na nuna masa. Ya ɗauki fostar daga kan tebur, ya naɗe ta fuskar tana ciki, ya ce zai mayar wa ɗiyarsa kayanta. Na tashi zan raka shi, ya ce in zauna, aiki na jirana.

Har yanzu yana bin hanyar nan ranar Juma'a. Yakan ɗaga mini hannu daga tsallaken titi, ya tambayi iyali, in amsa. In zai wuce ƙofar kwantenar kuwa sai ya juya fuskarsa wajen gota, har ya wuce inda allon kwamfutar ke fuskanta.