Fararen 'Ya'yan Mesa

Shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, har mutanen Kankia suka riƙa fita bakin titi kallon direbobi suna rikicewa, a shekarar ce ɓarin jikin yayana ya shanye. Gardi ne, mai wasa da macizai a kasuwanni, daga Kankia zuwa Kusada har Rimaye. Ni kuwa makarantar allo gare ni a ƙofar gida. Shekara goma sha ɗaya ban taka gidansa ba, tun ranar da na gaya masa gaban mutane cewa sana'arsa abin kunya ce ga ɗan malamai. Bai sake nemana ba sai da ya kwanta.

Matarsa ce ta aiko. Na same shi bisa tabarma, baki ya karkace, magana na fita da ƙyar. Na zaci wasiyya zai yi kan gona. Sai ya ce, "Malam, tukunya... ɗakin baya. Ka ciyar mani da su."

'Ya'yan mesa ne guda biyu, kowanne bai kai tsawon hannu ba, farare tas da zane ruwan ƙwai, idanunsu ja. Matarsa ta ba ni tarihinsu daga bakin ƙofa, don ita ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Wai ya taɓa kama wani farin namijin mesa a duwatsun Rimaye, ya haɗa shi da mace irin wadda aka sani, 'ya'ya suka fito duk masu duhu. Bai karaya ba, ya ce farin na nan ɓoye cikin jini, yadda jika kan ɗebo kamannin kaka. Ya yi renonsu shekara biyar, ya mayar da mace ɗaya cikinsu wurin uban. Cikin ƙwayayen da ta fasa aka sami biyun nan. Sauran ya yarda an raba wa abokan sana'arsa, waɗannan kuwa ya hana, don ya san rana za su kai su, su kuwa ba su jure haske.

Na karɓa. Abu na farko kenan da ya roƙe ni tun muna yara.

Sai dai zuciyata ta ƙi yarda in jefa mai rai a bakin wani mai rai. Don haka kowace Juma'a in na taso daga masallaci, sai in sami 'yan tsaki biyu, in fuskanci gabas in yanka da bisimilla, in wanke jinin tsaf da ruwan randa, in ajiye masu cikin tukunya.

Matar yayana ta leƙo wata rana tana dariya. "Kai Malam ƙarami, saura ka yi masu alwala ka ja su salla!"

"Ke dai tsaya nesa, matsoraciya," na ce, alhali na fi ta tsoro.

Ba su ci ba. In na buɗe da safe sai in tarar da tsakin yadda na bar su, tururuwa ta yanyame. In na shiga gaida shi ya ce, "Sun ci?" sai in ce, "Sun ci, Yaya." Ni da nake hana yara ƙarya. Kunya nake ji in ce abu ɗayan da ya sa ni ya gagare ni, ina ta cewa a raina wani makon za su ci, maganata ta zama gaskiya.

Mako na bakwai na tarar da ƙaramin a miƙe, fata ta tattare, ƙashin baya ya fito. Na daɗe tsugune. Sannan na ɗauko tukunyar duka, na kai gabansa, na faɗa masa komai.

Ya sa hannunsa mai lafiya ya shafa gawar tun daga kai har wutsiya. Hawaye ya zubo ta gefen da ya shanye, bai ma san yana zuba ba. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

"Yaya kake ba su?" ya ce.

Na kwatanta masa. Ya rufe ido.

"Ruwan randa... Haba Malam. Mesa ba ta san abinci da ido ba. Ɗumi take ji. Yanka dai, ka yanka. Kada ka wanke."

Na yanka tsako nan take, na sa masa a tafin hannu. Ya dunƙule shi ya kai ƙirji don kada ya huce. Ya sa matarsa ta saki labulen ƙofa, ɗaki ya yi duhu-duhu ko da yake hantsi ne. Hannunsa ba ya kaiwa bakin tukunya, sai na tallabi gwiwar hannun, shi kuma ya riƙe ƙafar tsakon yana ɗan motsa shi. Na ji nauyin hannun nan yadda ya ragu, wanda da shi ya yi ta goya ni muna yara.

Maciji ya fito da harshe, ya mayar. Ya sake. Can sai ya kai sara, ya nannaɗe.

Muka zauna har ya haɗiye. Na ce, "Yaya, na kashe maka ɗaya, na yi maka ƙarya, ga kuma abin da na faɗa maka shekarun baya. Ka yafe mani don Allah."

Ya daɗe yana kallon tukunyar kafin ya haɗa kalmomin.

"Wannan ya ci. Hannunka ya riƙe nawa. Ba ni binka komai."

Kwana tara bayan nan muka kai shi makwancinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.