Hafizu Ɗan Gida da Akuyar Asta

A Kaura Namoda, in ka ce Hafizu, sai an tambaye ka wanne. In ka ce Hafizu Ɗan Gida kuwa, dariya za a yi, mai akuya ya waiga ya duba akuyarsa. Sunan nan ba uwarsa ta raɗa masa ba, ma'aikatan kotu ne, saboda yawan zuwa. Ya san bencin da ke da ƙusa, ya san inda randar ruwa take, kai, in sabon ɗan sanda ne ya kawo shi, shi ke nuna masa ƙofar da ake shiga.

A wani ƙauye wajen Zurmi aka haife shi, cikin awakin ubansa ya tashi. Allah ya ba shi hannun dabba: akuyar da ta gagari kowa, in ya sosa mata gindin ƙaho sai ta bi shi kamar ɗanta. Da daji ya ɓaci, mutanen ƙauyen suka watse, suka shigo Kaura da tabarmi da tukwane, ba ko ɗan akuya. Hafizu ya gwada dako a kasuwar hatsi, ya gwada kabu-kabu da mashin ɗin wani, amma ina! Idonsa na kan awakin mutane da ke yawo a bola.

A faɗi gaskiya, bai taɓa haura katanga ba, bai taɓa riƙe wuƙa ba. Akuyar da ta fito yawo ita yake ɗauka. Zai shafa kanwa a tafin hannu, akuya ta zo tana lasa, ya zare hularsa ya zura mata a baki don kada ta yi kuka, ya saɓa ta a wuya, ya rufa babbar riga, ya bi lungu. Lungunan Kaura kuwa ya san su fiye da masu gidajen.

Kuma kullum sai an kama shi. Tambari, masinjan kotu, wani dogo mai ɗingishi, ya gaji da zuwa ƙofar gidansa. Da ya yi sallama Hafizu zai fito yana saka takalmi, ba sai an ce masa komai ba. Alƙalin kuwa dattijo ne mai sanyin hali. Ya sa a yi masa bulala, ya sa shi sharar kasuwa, ya tura shi gidan yari ya yi 'yan watanni, amma mafi yawa faɗa ne da nasiha, a mayar wa mai akuya akuyarsa, a ce ya tafi kada ya sake. Shi kuma ya sake.

Wannan sassauci shi ke ƙona ran Malami tela, maƙwabcinsu, wanda Hafizu ya ɗauke wa akuya ba sau ɗaya ba. Kuma kada a ga laifin Malami, akuyar matarsa ce, da nononta ake dama wa yara kunu. Yana taka keken ɗinki yana faɗa: "Wagga wace irin shari'a ta? A kai mutum da hantsi, ya riga ka dawowa gida! Wallahi daga akuya aka farawa."

Abin da bulala ta kasa, Hamida ce ta yi shi. Ita ce matarsa, mai tuyar awara, mace marar yawan magana. Zuwansa kotu na ƙarshe ta biyo shi da tsohon ciki, ta zauna a gindin dalbejiya. Alƙali ya hango ta ta taga, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Hafizu," ya ce, "mutanen gari sun gaji da ni saboda kai, kuma suna da gaskiya. In ka sake dawowa gabana da akuyar wani, gidan yarin Gusau za ka. Ɗan da ke cikin nan sai ya yi tafiya ya yi magana ba ka gan shi ba. Ranar suna wani ne zai zauna ƙofar gidanka ya amsa barka."

Maganar nan ta shiga Hafizu har ƙashi. Shi da aka fi sani da washe baki a gaban shari'a, ranar kuka ya yi. Ya koma dako da gaske, buhun gero a ka tun safe, wuyansa ya yi kanta. In ya hango akuya sai ya tsallake titi, har abokan dako suka riƙa yi masa "meee" daga baya don su ga ya zabura. Ɗan ragon suna ma da ya saya, sai da ya tara shaidu gaban sarkin tike a kasuwar dabbobi, ya ce kowa ya duba kunnensa da kyau.

Hamida ta sauka lafiya, ɗiya mace, jawur da ita. Hafizu ya rasa inda zai sa kansa don murna. Duk wanda ya gamu da shi sai ya tsayar da shi ya gaya masa, har da waɗanda ya taɓa ɗauke wa dabba.

Ana saura kaɗan suna, da hantsi, yana dawowa ta bakin layin dogo, sai ya ji kukan akuya. Ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Kukan ya biyo shi. Jar akuya ce mai ciki, kunnenta da tsagar Fulani, guntuwar igiyar wuyanta ta naɗe a sarƙaƙiya, tana ja igiyar na ƙara shaƙe ta. Ya wuce. Ya tsaya. Ya ce a ransa ba ruwansa. Sai ga shi durƙushe yana warware ƙaya, yana ce mata, "Yi haƙuri, uwar gida, yi haƙuri."

To, al'adar gari sananniya ce. Wanda ya tsinci dabba gidan mai unguwa yake kai ta, a ɗaure, a sa mai shela ya zaga yana cigiya har mai ita ya fito. Hafizu ya san haka sarai, can ma ya yi niyya. Amma da ya ɗaga kai ya dubi babban titi, ga masu keke napep, ga 'yan kasuwa, sai gabansa ya faɗi. Shi, Hafizu Ɗan Gida, da akuya a hannu, rana tsaka? Ai kafin ya buɗe baki za a yi masa ihu. Gara ya kai ta ba wanda ya gani, ya ɗaure a ƙofar mai unguwa ya sulale.

Kun ji wauta? Wallahi haka ya yi. Ya zare hula ya zura mata a baki, ya saɓa ta a wuya, ya rufa riga, ya bi lungu yana sanɗa. Yana karya kwanar lungun marina ya yi kiciɓis da Malami, ya fito kai wa wani ɗinki. Ƙafafun akuya na reto ta ƙarƙashin riga.

"La'ilaha illallahu!" in ji Malami. "Jama'a ku taho ku gani! Ɗiyarka ko cibiya ba ta yar ba!"

"Kawu Malami, tsaya ka ji..."

Wa zai tsaya? 'Yan sintiri suka zo suka tasa shi gaba, shi da akuya, sai ofishin 'yan sanda. Washegari, ana gobe suna, aka gurfanar da shi.

Kotu ta cika har waje. Alƙali ya dube shi, bai yi fushi ba, baƙin ciki ne a fuskarsa, wannan kuwa ya fi wa Hafizu bulala zafi. Malami ya tashi ya zayyana yadda ya gan shi: hula a bakin akuya, riga a rufe, tafiyar sanɗa. Ya ƙara da cewa, "Allah ya gafarta Malam, kai da bakinka ka yi alkawari. Mu talakawa muna kallo."

"Na yi," in ji alƙali. "Hafizu, mi za ka ce?"

"Allah ya gafarta Malam, tsintar ta na yi. Gidan mai unguwa za ni kai ta a yi cigiya."

"Da hula a bakinta?"

"Tsoro na ji kada a ce na sata."

Kotu ta kwashe da dariya, har ɗan sandan da ke riƙe da igiyar akuya. Hafizu bai yi dariya ba. Tabarmar da ya aro don baƙi yake tunawa, tana jingine a zaure, da wanda zai zauna a kanta gobe.

Alƙali ya bari aka natsu. Ya ce da Malami, "A ina ka ce ka gamu da shi?"

"Lungun marina."

"Shiga yake ko fitowa?"

"Shiga."

"Lungun nan ina yake ɓullewa?"

Malami mutum ne mai zafi, amma ba ya ƙarya. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ba ya ɓullewa ko'ina. Ƙofar bayan gidan mai unguwa ce ƙarshensa."

"To," in ji alƙali. "Shekara da shekaru ana kawo mini mutumin nan. An kama shi hanyar mahauta, an kama shi hanyar tasha, an kama shi bayan kasuwa. Ban taɓa jin ya shiga lungun da ba mafita ba. Amma ban sake shi ba. Mai akuya ne zai raba mu. In kwance ta aka yi daga turke, yau zai kwana Gusau."

Sai ya yanke abin da har yau ake labari. Ya ce Hafizu ya ja akuyar nan da hannunsa, ta babban titi, bakinta a buɗe, ya yi cigiya da kansa. Malami ya bi shi a baya ya zama shaida, Tambari ya raka su.

Kai, Kaura ta ga abin kallo! Hafizu a gaba, murya na rawa: "Cigiya! Wa ya ɓatar da jar akuya mai ciki?" Akuya na amsa masa da meee. Masu shago suka fito, masu keke napep suka tsaya suna danna oda. Wani mahauci ya ce, "Ɗan Gida, yau kai ke neman mai akuya? Lalle duniya ta zo ƙarshe!" Tun yana sunkuyar da kai har ya ɗago, muryar ta buɗe. Bai taɓa jan akuya a tsakiyar titi ba tun barinsu ƙauye, sai ya ji ashe abin da daɗi. Amma sun zaga tasha, sun zaga kasuwar hatsi, ba wanda ya fito, rana tana ta yi, daɗin ya fara komawa fargaba.

A rumfar masu nono ne wata tsohuwar Bafulatana ta yi wurgi da ludayi ta taso da gudu. Asta sunanta, daga wajen Galadi take zuwa. Ta rungume wuyan akuya tana mata faɗa da Fulatanci.

Tambari ya ce, "Inna, taki ce? Kwance miki ita anka yi?"

Hafizu ya zuba wa tsohuwar ido.

"Kwancewa? Wa zai kwance wagga ja'ira? Ita ke cin igiyarta!" Ta zaro sauran igiyar daga cikin ƙwarya, bakin igiyar duk a tattaune. Ta ce ɗiyarta da ke aure a Kaura ta kawo wa, jiya ta ɗaure ta a tasha ta juya sauke kaya, ta waigo ba akuya. Ta dubi Hafizu ta ce, "Kai ka tsince ta, ɗana? Allah ya yi maka albarka. Irinku sun yi ƙaranci."

Kasuwa ta ɗauki shewa. Malami ya yi ta ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Da suka koma kotu shi ya fara magana, ya ce ya gani da idonsa, a sallami maƙwabcinsa. Ya dai ƙara da cewa shi akuyarsa a ɗaure za ta ci gaba da kwana.

Ranar suna Hafizu ne a kan tabarmar aro, sanye da riga ɗinkin Malami. Aka yanka rago, liman ya raɗa wa yarinya Rahama. Malami ya ɗaga kan ragon ya duba kunne, wai don a tabbata, aka yi ta dariya. Daga cikin gida ana jin guɗa da muryar Hamida, ita da ba ta da yawan magana.

Ana cikin raba goro sai aka ji sallama, muryar da Hafizu ya sani ko cikin barci. Tambari ne, yana ɗingishi. Hafizu bai san lokacin da ya miƙe ba, ƙafarsa har ta shiga takalmi ɗaya.

"Ina za ka?" in ji Tambari. "Zauna, Ɗan Gida. Malam alƙali ya ce in gaishe ka, in yi maka barka. Yau tuwo na zo ci."

Hafizu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, idonsa ya ciko. Ya cire takalmin, ya matsa gefe, ya ba Tambari wuri a kan tabarma.