Damin hatsin da na mayar wa Baffa

Lokacin da Baba ya rasu ni tela ne a Tanut, ɗan fari, ga kunya ga son a ce ni mai kirki ne. Ya bar Inna da ƙannena mata biyu da gona ɗaya a ƙauyenmu, wajen Gangara. Gonar tana hannun Baffa, ƙanen Baba, aro aka ba shi tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba. A wajenmu wanda ya ari gona yakan kai wa mai ita dami guda duk kaka, don kowa ya san ta wane ce.

Kakar farko bayan rasuwar Baba, Baffa ya aiko da damin har ƙofar gida. Ni kuwa, da shegen iyayina, na ce a mayar masa, ai ba zan karɓi hatsi daga hannun ubana ba. Inna ta ce in karɓa, in kira malamai a raba gado tun shaidu na da rai. Na ce mata kabari bai ko bushe ba. Haka na ja kaka shida.

Da Inna ta fara rasa abin ɗorawa a wuta, na je neman gonarmu. Baffa ko tabarma bai ba ni ba, ya ce, "Ka taɓa ganin na kai muku dami? Ubanka kyauta ya ba ni." Nan take na rantse ba zan bari ba. Na je wurin mai gari, na je gidan sarki, na karɓo takardar mutuwa a meri, ofishin magajin gari, na kai ƙara jastis, wato kotu. Keken ɗinkina ya yi wata da watanni a rufe. Daga ƙarshe na samo tsohon da yake kawo damin a amalankensa zamanin Baba, ya yarda ya dafa Alƙur'ani. Aka mayar mana da gona, aka auna wa kowa rabonsa, na sa aka rubuta.

Abin da na koya, kunya ba ta cikin rabon gado, kuma ba ni da hurumin yafe haƙƙin da ba nawa ni kaɗai ba. Ƴan uwa, ku raba da wuri, ku rubuta, ko da za a ce kun cika zalama. Inna ta rasu saura wata biyu a yanke hukunci, tumuninta, ɗaya bisa takwas na gadon Baba, mu muka gaje shi.