Jikar Mika'ilu Mai Nama

Duk wanda ya daɗe a unguwar Gat al-Wad, cikin Tamanrasset, ya san Mika'ilu mai nama. Dattijo ne dogo mai furfura a haɓa, tukubarsa tana jikin bangon wani gareji, inda hayaƙin shekaru ya baƙanta siminti har sama. Da hantsi yake dawowa daga mayanka da cinyoyin rago a buhu, kafin azahar gawayi ya kama, kafin la'asar Larabawa da Abzinawa sun fara tsayawa da motocinsu. Yana yanka, yana barbaɗa yaji, yana naɗewa a takarda, ba ya hira da kowa. Sababbin zuwa suna cewa girman kai ne. Waɗanda suka san shi tun da can kuwa sun san akwai lokacin da mutum ba ya wucewa ta nan bai sha tsokanarsa ba.

Ɗan Mirriya ne, kusa da Damagaram, daga gidan mahauta. Su biyu ne maza a ɗakin uwarsu, shi da wansa Maman. Maman ya zauna gida ya riƙe rumfar ubansu, shi kuwa Mika'ilu ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ya yi Agadas, ya yi Arlit, daga nan ya bi wata motar raguna ya ƙetaro Aljeriya. Da ya ga garin ya karɓe shi, sai ya koma ya auro Rakiyatu ya kawo ta. Sun haihu ba sau ɗaya ba, amma ɗaya ce ta tsaya, Zuhura. A nan aka haife ta, Larabcinta ya fi na ubanta nesa ba kusa ba, ita ke raka shi buro, wato ofishin hukuma, in za a sabunta takardun zama.

Zuhura na tashen budurci Maman ya aiko da ɗansa Khamisu ya kama wa ƙanen ubansa sana'a. Saurayi ne mai kunya, bahago, hannunsa da sauri a kan nama. Ba wanda ya haɗa su, su suka haɗa kansu. Ranar da Khamisu ya aiko wani dattijo ya nema masa aurenta, Mika'ilu dariya ya yi, ya ce ai dama ɗansa ne, me ya kawo ɗan aike? An yi shagali a nan, an yi a Mirriya. Shekara na zagayowa Zuhura ta haifi mace, aka sa mata Nana Aisha.

Sai zinariya ta ɓulla a hamada. Samari suka watse daga shaguna da gareji, Khamisu ma ya ajiye wuƙa ya bi su. Bayan watanni ya dawo ba zinariya, sai jajayen idanu da ƙwayoyin da suke sha a can don su yi ta haƙa ba hutu. Bai koma tukuba ba. Yana wuni a ɗaki, yana tambayar Zuhura wa ya gaishe ta a hanya, me ya sa mai shago ya yi mata dariya. Wata rana ta zo gidan iyayenta da goyo a baya, kuncinta a kumbure.

Ta ce, "Baba, wallahi ni tsoronsa nake ji."

Mika'ilu ya kira Khamisu ya yi masa faɗa sosai. Khamisu ya durƙusa ya yi kuka, ya rantse ya bar ƙwaya. Washegari iyayen biyu suka raka ta ɗakinta, Mika'ilu yana gaba, Rakiyatu na riƙe da jaririyar. Abin da kowane gida a unguwar zai yi ke nan, kuma har yau ba wanda ya taɓa ce musu sun yi kuskure. Su ma ba su taɓa tayar da zancen wannan rakiya a tsakaninsu ba.

Ba a rufa wata ba. Yana hura gawayi sai ga maƙwabciyar Zuhura, wata Ba'abziniya, a guje ba takalmi, jaririyar a kafaɗarta. Hausar da ta iya duk ta ɓace mata, sai yarensu take yi tana nuna hanya da hannu. Da taɓarya Khamisu ya bugi Zuhura, wai ta zuba masa wani abu a shayi. Ko da Mika'ilu ya isa, 'yan sanda sun riga shi, Khamisu na zaune a bakin ƙofa bai ko gudu ba. An ɗauke ta zuwa likita, amma ta cika tun a hanya.

Ba a daɗe da rufe ta ba Maman ya kira shi a salula.

"Mika'ilu, ƙaddara ce ta afka mana baki ɗaya. An ce in ku iyayenta kun yafe, alƙali zai sassauta."

"Yaya, ko ƙasar kabarin ba ta bushe ba."

"Na sani. Amma ɗanka ne."

"Ita fa, 'yar wa ce?"

Kotu ta yanke wa Khamisu shekara ashirin, aka kai shi gidan kaso a wani gari can arewa. Daga nan dangi suka rabu biyu ba tare da an yi taro an raba ba. Wasu suka ce Mika'ilu ya yi daidai, wasu suka ce ya bar jinin gidansu ya ruɓe a hannun baƙi. 'Yan Mirriya da suka saba sauka gidansa in sun zo fatauci sai suka koma sauka wani wuri, ba don gaba ba, sai don ba su san abin da za su ce in an zauna cin tuwo ba. Tsohuwarsu, uwarsu shi da Maman, takan sa a kira mata Mika'ilu, ta yi ta kuka, tana cewa ita duka biyun jikokinta ne, ta ina za ta fara? Shi kuwa ya riƙe salular yana saurare har kuɗin kiran ya ƙare.

Rakiyatu, wadda a da ba a biki a unguwar ba ita a kan tukunya ba, ta daina fita. Wuri ɗaya take zuwa. Ta ga matan Larabawa suna zuwa maƙabarta ran Juma'a da safe da galan na ruwa, ta bi su, ta koyi yayyafa wa kabari ruwa da gyara duwatsun gefensa. Shekaru kaɗan bayan abin, Mika'ilu ya ji garin ya ishe shi. Duk hanyar da zai bi zuwa mayanka sai ta ratsa ta bakin lungun da Zuhura ta zauna. Ya ce da Rakiyatu su tattara su koma gida.

Ta ce, "Malam, in mun tafi wa zai zuba mata ruwa?"

"Ai can gida mata ba sa zuwa maƙabarta."

"Shi ya sa."

Bai sake tayar da maganar ba. Ko da ta yarda ma, gidan da za su koma Maman ne a cikinsa.

Sau ɗaya ya taka Mirriya tun daga lokacin, da tsohuwar ta rasu. Ya tarar an riga an kai ta. Suka zauna shi da Maman a tabarma ɗaya a ƙofar gida suna karɓar gaisuwa, kafaɗa da kafaɗa, suna amsa amin tare. Maman ya tsufa fiye da shekarunsa. Da mutane suka ragu ya roƙi a nuna masa hoton yarinyar. Ya daɗe yana kallon salular, ya goge ido da hannun riga.

Ya ce, "Ni ma ɗa na rasa, Mika'ilu."

Mika'ilu ya karɓi salularsa ya ce, "Naka yana cin abinci, Yaya."

Ana yin sadakar uku ya kama hanya.

Nana Aisha ta tashi tana kiransu Baba da Inna. Irin wasan nan na kaka da jika, na amaryata da mijina, Mika'ilu bai taɓa yi da ita ba, bakinsa ya ƙi. An gaya mata uwarta ta rasu tana jaririya, ubanta kuma ya yi tafiya mai nisa. Fuskar Zuhura ce da ita, amma bahaguwa ce. In ta ɗauki tsintsiya da hagu sai Rakiyatu ta make hannun, duka fiye da laifin, daga baya ta ja ta jikinta tana shafa wurin, yarinyar ba ta san me ta yi ba.

A lekkol, makarantar bokonsu, ta ji. Sun yi cacar baki da wata yarinya, yarinyar ta ce da ita 'yar mai kisa. Ba ta wuce gida ba, ta zo tukuba da jakarta a baya, ta tsaya har mai sayen da ke wurin ya tafi.

"Baba, gaskiya ne babana ne ya kashe mamata?"

Ya juya naman da bai isa juyawa ba. "Gaskiya ne."

"Yana da rai?"

"Yana da rai."

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta tafi gida, ta ci gaba da zuwa lekkol, ta fara bin Rakiyatu maƙabarta tana ɗaukar mata galan. Aka ɗauki lokaci mai tsawo ba ta ƙara cewa komai ba, har Mika'ilu ya fara zaton maganar ta kwanta. Sai bara, bayan Babbar Sallah, ta zama 'yar budurwa, ta same shi yana alwala ta ce tana son ta ga ubanta. Ba don ta yafe ba, ba kuma don ta zage shi ba. Ta ce ita dai ta gaji da ƙirƙira masa fuska.

Mika'ilu ya yi ta juya abin a ransa. Da ya gaya wa Rakiyatu, ta ci gaba da tsince shinkafarta ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Ku je. Amma kada wanda ya kawo mini labari."

Sai da ya yi ta zirga-zirga kafin a ba su izinin ziyara. Suka shiga babbar motar fasinja, suka wuce In Ekker, duwatsu suka ƙare, yashi ya fara, yashi ya ƙare, wasu duwatsun suka fara. Gwiwoyinsa suka kumbura saboda zama. Ya so ya tsaya a waje, aka ce yarinya ba ta shiga ita kaɗai. Haka ya shiga ya tsaya a bayanta.

Mutumin da aka kawo bayan gilashi ya yi sanƙo, haƙoransa na gaba sun zube. Shekara da shekaru Mika'ilu yana shirya abin da zai faɗa masa in sun haɗu, yana yi yana gyarawa a bakin wuta. Da ya gan shi sai ya nemi kalmomin ya rasa, bai ji fushi ba, bai ji tausayi ba, ƙafafunsa kawai yake ji suna ciwo, yana neman inda zai zauna. Khamisu ya kalli yarinyar, ya kalle shi, ya ce, "Baba," sai ya kifa kai yana kuka. Nana Aisha ta ɗauki abin maganar da ke rataye jikin gilashin ta ce, "Ina wuni." Ya tambaye ta ajin da take, ta faɗa. Ya tambaye ta ko tana salla, ta ce tana yi. Ya fara cewa ba ya cikin hankalinsa a ranar, ta ajiye abin maganar a hankali, ta juyo ta ce, "Baba, mu tafi."

A hanyar dawowa ta jingina da taga. Can ta ce, "Na zaci zan ji wani abu." Mika'ilu ya ce shi ma. Ya ɓare mata dabino, ta ci biyu ta yi barci.

Rakiyatu ta tarbe su da ruwan wanka da tuwo, ba ta tambaya ba, ba su faɗa ba. Amma labari ya kai Mirriya ta bakin matafiya. Maman, wanda yanzu ba ya iya fita ko masallaci, ya sa aka kira masa ƙanensa.

"An ce ka gan shi."

"Na gan shi."

"Ya rame?"

"Ya rame."

Maman ya ce, "Na gode, Mika'ilu."

"Ba don kai na je ba, Yaya."

"Na sani. Duk da haka."

Suka tambayi juna jiki da iyali, Maman ya ce damina ta yi kyau bana, Mika'ilu ya ce madalla. Tun daga nan sukan gaisa jefi-jefi, gaisuwar ba ta wuce haka.

Nana Aisha ta fara koyon ɗinki wurin wata mata a unguwar, ba ta sake neman a kai ta arewa ba. Samari sun fara tambaya, Rakiyatu na korar su tun daga ƙofa, har maƙwabta sun fara yi mata magana. Saura 'yan shekaru a saki Khamisu. An ce in an sake shi za a sa shi a motar da ke mayar da baƙi iyakar Nijar, motar kuwa ta Tamanrasset take bi. Wani ya tambayi Mika'ilu abin da zai yi in ranar ta zo. Ya ce bai sani ba, shi yanzu gwiwarsa ce ta dame shi, kuma likita ya ce ya rage tsayuwa.